Ƙashin da Bai Ƙosa Ba

Mai ɗaukar hoto ne ya fara lura da shi, tun kafin ni da mahaifiyata mu gani. A ƙarshen shekarar 2016, ina da shekara 17 ina ajin ƙarshe na sakandare a Gadarif da ke gabashin Sudan, aka ce kowace ɗaliba ta kawo hoton da za a liƙa a katinta na jarrabawar kammala sakandare da muke kira shahada. Na zauna a kan kujerar shagonsa da ke bakin babbar kasuwa, na gyara mayafina, sai ya leƙo ta bayan na'urar ya ce in daidaita kaina. Na daidaita, ya sake cewa in daidaita, har sau uku, daga nan ya taso ya tsaya a gabana ya dube ni da kyau, ya tambaye ni ko akwai abin da na ƙunsa a bakina. Na ce babu. Bai ƙara magana ba, ya koma ya ɗauki hoton. Da na karɓi hotunan washegari, guda shida a jere cikin ƙaramin ambulan, na ga abin da madubin ɗakinmu bai taɓa nuna mini ba, wato gefen hagu na muƙamuƙina ya fi na dama cika, kuma haɓata ta ɗan karkata.

Inna ta taɓa wurin ta ce hangum ne, zai wuce. Amma hangum yana zuwa da zazzaɓi da zafi, yana da taushi a hannu, kuma ba ya kai wata guda. Nawa kumburin yana da tauri kamar dutsen niƙa, fatar da ke kansa lafiyarta lau, ba ya zafi ko an danna, ina kuma cin kisira da asida da shi ba tare da wata damuwa ba. Kakata, wadda iyayenta suka taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji suka yada zango a nan har Allah ya yi zamansu, ta ce kambun baka ne, domin sunana ya cika fitowa a bakin mutane saboda karatu. Aka karɓo rubutu na sha, aka yi tofi a man riɗi ana shafa mini safe da yamma, aka dafa bagaruwa ina kurkure baki da ruwanta har haƙorana suka soma sauya launi. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin duk wanda ya yi su ƙauna ce ta sa shi, kuma addu'ar da ke cikinsu ta riƙe ni a watannin da suka biyo baya.

Mutum na farko da ya faɗi gaskiyar abin shi ne tsohon wanzamin unguwarmu. An kira shi ya yi mini ƙaho ya janye abin da ake zaton mataccen jini ne, ya zo ya shimfiɗa zabirarsa, ya sa babban yatsa ya bi gefen muƙamuƙin tun daga ƙarƙashin kunne har zuwa haɓa, sannan ya naɗe kayansa. Ya ce wa mahaifina: "Malam, wannan ba jini ba ne, ƙashi ne, ƙaho kuwa ba ya jan ƙashi. Ku kai ta wurin masu hoto." Ko sisi bai karɓa ba.

Mun bari sai da na gama jarrabawa a watan Maris na 2017, sannan muka je wani ƙaramin wurin cire haƙori. Wanda muka tarar ya haska bakina, ya ga turmin baya ya ɗan kauce daga layinsa, ya ce shi ne ya ruɓe daga ƙasa yake tara ruwa, nan take ya cire shi ba tare da ɗaukar hoto ba. Na ga haƙorin a cikin ƙaramin kwanon ƙarfe, fari tas, babu ko ɗigon baƙi a jikinsa. Ramin ya daɗe bai rufe ba, na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye biyu, kumburin kuwa yana nan yadda yake. Har yau idan harshena ya taɓa wannan giɓi raina yakan ɓaci, domin hoto ɗaya tak da an ɗauka kafin a sa filaya, da haƙorina yana nan.

A watan Agusta ne wani likita ya ɗauki hoton ƙashin, ya ɗaga shi ga hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya furta kalmar Larabcin nan, waram, ya ce aikin ya fi ƙarfin Gadarif, sai Hartum. Waram dai na nufin ƙari, kuma likitoci sun raba shi biyu, akwai hamid wanda ba ya yaɗuwa, akwai habis wanda shi ne ciwon daji. Ina kyautata zaton ya faɗi haka, amma kunnenmu kalmar farko kaɗai ya riƙe. Matsalar ita ce damina ta yi tsakiya, duk abin da mahaifina ya mallaka yana cikin ƙasa, kuma wanda ya san Gadarif ya san yadda baƙar lakarta ke riƙe mota da mutum a wannan lokaci. Riɗi kuma ba ya jiran kowa, idan ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba sai kwansonsa ya fashe ya zube a ƙasa, wahalar shekara ta tafi a banza. Don haka aka yanke shawarar a jira kaka.

Wata uku na yi ina jira, kuma ban taɓa ganin watanni masu tsawonsu ba. Sakamakon jarrabawata ya fito da kyau, ban iya yin murna ba. Kowane dare idan ƙannena sun yi barci nakan kwanta a kan angarib, gadon nan na igiya, a tsakar gida in sa yatsu ina auna kumburin, yau in ga kamar ya ƙaru, gobe in ga kamar yana nan, har na samo zare na ƙulla shi daidai tsawon wurin na ɓoye a cikin Alƙur'anina. Wata rana da asuba na ji Inna tana kuka ƙasa-ƙasa a kan sallaya tana kiran sunana, na ja mayafi na rufe kaina na yi kamar ban farka ba. A gidan babu wanda ya taɓa ambaton sunan cutar da kowa yake tunani, sai dai a ce mugun ciwon nan, Allah ya raba mu da shi.

A watan Nuwamba Baba ya kai riɗinsa kasuwar amfanin gona ya sayar, muka hau bas ta Fawo da Madani, tafiyar fiye da kilomita 400, muka sauka wurin Kawu a unguwar Ingaz da ke kudancin Hartum. A asibitin koyarwa na haƙori, bayan layi na kwana biyu, aka shigar da mu wurin wata babbar likita mai aikin tiyatar muƙamuƙi da fuska, dattijuwa mai farin tob, lulluɓin matan Sudan, ɗalibai huɗu na tsaye a bayanta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ta yi gaggawar duba bakina ba. Ta tambayi yaushe aka fara gani, ko yana girma da sauri ko a hankali, ko yana tashe ni daga barci da zafi, ko leɓena na ƙasa ya taɓa mutuwa ya daina jin taɓi. Ta tambayi ko na taɓa karaya, ko ina ɗingishi. Daga nan ta roƙi Baba ya ɗan ba mu wuri, ta tambaye ni shekarun da na fara al'ada, ta duba bayana da wuyana da cinyoyina tana neman wani tabo mai faɗi da ya bambanta da sauran fata. A lokacin ban ga abin da ya haɗa waɗannan da muƙamuƙi ba.

Aka yi mini hoton panorama, wanda na'urar ke zagaya kai ta fito da haƙora duka a shimfiɗe, sannan aka yi siti-sikan. Da ta liƙa hotunan a jikin allon haske ta kira ɗalibanta, ni ma ta ce in matso. A gefen dama ƙashin yana da ɓawo fari mai kaifin iyaka, cikinsa kuma saƙa-saƙa kamar soso. A gefen hagu duk wannan ya ɓace, ƙashin ya buɗe ya yi faɗi, launinsa ya zama toka-toka bai ɗaya, irin yadda sararin sama ke yi idan guguwar ƙurar nan da muke kira habub ta taso. Ta ce likitoci suna kamanta shi da gilashin da aka goge da yashi. Ta ba wani ɗalibi biro ta ce ya zana mata inda ciwon ya ƙare lafiyayyen ƙashi ya fara, ya kai hannu ya dawo da shi, ya ce ba ya ganin iyakar. Ta ce to wannan rashin iyakar shi ne babbar alama, domin akwai wani ƙari mai kama da shi a ƙarƙashin madubin bincike wanda shi yana da iyaka a fili, ana ɓare shi a fitar kamar ƙwallo daga cikin ɓawo. Ta kuma nuna musu hanyar jijiyar da ke ratsa muƙamuƙi, yadda ta ɗaga sama daga mazauninta.

Duk da haka ta ce ba za ta yanke hukunci da hoto kaɗai ba. Aka kashe wurin da allura, aka tsaga dasashi ta cikin baki aka ɗebi ɗan guntun ƙashi, ina jin ƙarar kankararsa a cikin kaina kamar ana kankare rogo mai yashi. Aka ce sakamakon zai kai mako uku, saboda sai an jiƙa ƙashi a wani ruwa ya yi laushi kafin a iya yanka shi siriri a duba. Kafin nan ta rubuta gwajin jini, sannan ta rubuta hoton ƙasusuwan jiki gaba ɗaya, ta ce a asibitin Zarra ake yin sa.

Duk ɗan Sudan ya san abin da Zarra ke nufi, a lokacin can ne ake kai masu ciwon daji daga kowane lungu na ƙasar. Da Baba ya ji sunan sai ya dafa bango, rawaninsa ya zame bai ma sani ba. Likitar ta lura, ta ce masa: "Alhaji, na'urar ce kawai take can, ba don na ga abin da kake tsoro ba." Bai gaskata ta ba, ni ma ban gaskata ba. A ranar hoton aka yi mini allura a jijiya, aka ce in yi ta shan ruwa in jira kusan awa uku kafin maganin ya shiga ƙashi. Na zauna a baranda tsakanin matan da suka zo daga Kordofan da Darfur da Kasala, wasu gashinsu ya zube, wasu suna kwance a kan tabarma da 'ya'yansu a gefe, wata daga cikinsu ta ji muna Hausa da Baba ta matso ta ce ita 'yar garin Mai Wurno ce, ta ɓare lemo ta ba ni rabi, ta ce in ci kada in bar cikina da ruwa zalla. Ban sake ganinta ba, amma ba na yin sallah in manta da ita.

Ranar da muka koma karɓar sakamako, likitar ta sa aka kawo wa Baba kujera, ta zauna daf da shi. Ta ce: "Alhaji, 'yarka ba ta da ciwon daji." Sai da ta maimaita sau biyu. Ta ce sunan abin faibros displeziya, cuta ce da ba a cika samunta ba, kuma hoton Zarra ya nuna a wannan ƙashi ɗaya kawai take. Da ta ji cewa shi manomi ne, sai ta tambaye shi ko ya san zangarniyar dawar da kan fito ta yi girma har ta fi 'yan'uwanta, amma idonta bai ƙosa ba. Ya ce ya sani. Ta ce haka wannan ƙashi yake, ƙwayoyin da ke gina shi sun fara aiki ba su kai ƙarshe ba, maimakon ƙashi mai ƙwari da ɓargo sai suka tara wani nama mai zare-zare gauraye da ɗanyen ƙashi, wurin ya yi ta kumbura a hankali. Ta nuna mini hoton abin da aka gani a madubin bincike, 'yan guntayen ƙashi a lanƙwashe a warwatse, ta ce a littattafansu ana cewa sun yi kama da rubutun mutanen Sin.

Baba ya yi hamdala har hawaye ya sauko masa, sannan ya tambayi ranar aiki. Ta ce babu aiki yanzu, babu kuma maganin da za ta rubuta. Nan fuskarsa ta sauya, ya ce: "Likita, mun taso tun daga Gadarif, na sayar da noman shekara, yanzu ki ce mu koma da shi yadda muka zo?" Ba ta ji haushi ba. Ta bayyana masa cewa tunda abin ba shi da iyaka, raba ni da shi gaba ɗaya na nufin a yanke kusan rabin muƙamuƙin tare da haƙoransa, a ɗebo ƙashi daga ƙafata ko ƙuguna a dasa, duk saboda abin da ba ya ciwo, ba ya hana ni ci ko magana. Akwai ƙaramin aiki na kankare tudun a daidaita fuska, amma idan aka yi shi jiki bai gama girma ba, sau da yawa yakan sake tsirowa, alhali cutar da kanta takan lafa idan ƙasusuwa sun gama girma. Ta ja kunnenmu da kakkausar murya cewa kada mu yarda kowa ya gasa wurin da hasken da ake yi wa masu ciwon daji, domin rikiɗewar wannan cuta zuwa daji abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma wannan hasken yana daga cikin abin da ke jawo shi. Ta ce in kula da tsabtar bakina, kada a sake cire mini haƙori sai wanda ya ga hotunan, in dawo duk shekara, in kuma dawo a guje idan ya soma girma da sauri, ko ciwo ya taso, ko leɓe ya mutu.

Daga baya, da na shiga Jami'ar Gadarif ina karatun koyar da ilmin halittu, na bi diddigin abin da kaina. Wani likitan Amurka mai suna Louis Lichtenstein ne ya raɗa wa cutar wannan suna a 1938, kuma sai a 1991 aka gano tushenta, wato wani ɗan kuskure a ƙwayar halitta mai suna GNAS. Kuskuren ba ya cikin irin uwa ko na uba, yana aukuwa ne bayan an riga an ɗauki ciki, a wasu ƙwayoyin ɗan tayi kaɗai, shi ya sa yakan kama ƙashi ɗaya ya bar sauran, shi ya sa kuma ba a gadonsa ba a gadar da shi. A nan ne na fahimci tambayoyin ranar farko, domin akwai nau'in da ke kama ƙasusuwa da yawa, ya zo da tabo a fata da balaga tun yarinya tana ƙarama, wanda ake kira da sunan likitocin da suka bayyana shi, McCune da Albright.

Na ɗauka wahala ta ƙare a Hartum, ashe wata tana jira a gida. A wurinmu, idan aka kai mara lafiya babban asibiti aka dawo da shi ba aiki ba magani, ma'anarsa ɗaya ce, likitoci sun sallame shi a je a ci gaba da addu'a. Ga shi kuma labari ya riga mu isowa cewa an gan mu a Zarra. Mata suka riƙa shigowa da sassanyar murya suna yi wa Inna sannu irin ta gidan da ake jiran rasuwa, wasu suna kawo sunayen masu magani, wata goggona ta ce a haɗa kuɗi a kai ni Masar tun lokaci bai ƙure ba. Na gaji da cewa hamid ne, na gaji da cewa barin sa shi ne maganinsa, domin duk wanda na faɗa wa sai ya dube ni da tausayi kamar ni ce aka ɓoye wa gaskiya. Kakata ce ta kashe maganar. Ta sa na karanta mata takardar na fassara mata da Hausa kalma bayan kalma, ta yi shiru, sannan ta ce ai wanzami ya faɗa tun farko, ƙashi ne, kuma daga ranar duk wadda ta shigo da fuskar ta'aziyya ita take tarar ta tun daga zaure.

Maganar aure ma ta taɓu. Gidan farko da suka nuna sha'awa sun janye ba tare da sun faɗi dalili ba, daga baya muka ji cewa tsoron jikoki masu karkatacciyar fuska ne ya kore su, abin ya yi mini ciwo ƙwarai saboda na san ba haka ba ne. Wanda na aura a 2021 shi da kansa ya nemi ya raka mu Hartum a zuwan shekarar, ya zauna gaban likitar ya yi mata tambayar a gaban mahaifina ba tare da kwana-kwana ba, ta amsa masa, ta kuma jera masa hotunan shekara huɗu ya ga yadda girman ya ragu har ya kusa tsayawa. 'Yarmu ta fari an haife ta a 2022, kuma na san babu dalilin yin haka, amma sai da na shafa muƙamuƙinta gefe da gefe a daren da aka miƙo mini ita.

A zuwana na ƙarshe likitar ta ce tudun ya tsaya, idan ina so za a iya kankare shi, muka sa rana bayan ƙaramar sallah ta 2023. Ranar 15 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Hartum. Lambar wayar da nake samun likitar da ita ta daina shiga, har yau ban san inda take ba, ina roƙon Allah ya sa tana raye cikin aminci. Su Kawu suka baro Ingaz suka zo mana da abin da suka iya ɗauka a hannu. Da Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar, makarantar da nake koyarwa ta cika da 'yan gudun hijira, kuma a cikinsu na haɗu da wata matashiyar likitar haƙori da ke kwana a ajin da nake koyar da darasin ƙasusuwa. Na kawo mata babban ambulan ɗin da nake ajiye hotunana a ƙarƙashin akwati, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ga hasken tagar ajin, ta taɓa muƙamuƙina, ta gwada leɓena da bakin allura, ta ce ba ta ga abin da ya sauya ba.

Aikin kankarewar ban yi shi ba, kuma ko hanya ta buɗe gobe ban tabbata zan neme shi ba, domin fuskar nan da ita mijina ya gan ni, da ita ɗalibaina suka san ni. Abin da ban daina ba shi ne abin da likitar ta hore ni da shi tun 2018, cewa duk wata shida in ɗauki hoton fuskata ta gaba da ta gefe, a wuri ɗaya da haske ɗaya, in rubuta kwanan wata a baya. Shagon nan na bakin kasuwa nake zuwa. Mai shagon ya tsufa, ɗansa ne ke riƙe na'urar yanzu, amma idan na shigo yakan taso da kansa ya gyara kujerar, ya ce wa yaron: "Bar Malama ta zauna yadda take, kanta daidai yake."